Sunan da Rediyo Ta Tambaya

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Malam Yunusa mai gyaran rediyo ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur, ya ce in riƙa leƙa masa shago. Ni tela ne, shagona na jikin nasa a bakin kasuwar Birnin Kudu, bango ɗaya ya raba mu. Abin da zan faɗa, wani daga bakinsa na ji, wani kuma idona ya gane min.

"Yanzu za ka kama hanyar Gwaram?" na ce masa. "Gobe fa suna a gidanka."

"Kwalba ɗaya zan sa in juyo. Kafin isha'i ina gida."

Yunusa dama mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, amma a wannan makon abin ya wuce misali. Shekaru ya yi da matarsa Najiba ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, har mutane sun daina yi musu addu'a a gabansu don kada su ji ciwo, sai ga Allah ya kawo 'ya mace. Tun ranar bai ƙara cin abinci a zaune ba. Ya je ya duba rago, ya dawo ya duba goro, ya koma ya sake duba ragon ko ya rame. Shi da kansa ya yi wa jaririyar huɗuba, ya raɗa mata suna a kunne, ya kuma ƙi faɗa wa kowa. Najiba ta roƙa, ta yi fushi, ta yi dariya, ya ce ta jira ta ji a bakin liman kamar kowa. Ni ma da nake taƙama aminai muke, da na tambaya cewa ya yi in ci gaba da ɗinkina.

Sana'arsa kuwa irin wadda ta kusa ƙarewa ce. Tsofaffin rediyoyin nan na katako yake gyarawa, masu nauyin buhun gero, waɗanda in ka buɗe bayansu za ka tarar da ƙananan kwalabe a tsaye, kowace da siririyar waya a ciki da take yin ja in ta ɗau zafi. In kwalba ɗaya ta mutu, rediyo ta yi shiru. Kuma ba abu ba ne da za ka shiga kanti ka saya. Sai dai ka sami wata rediyon da ta mutu ka zare daga cikinta, ka yi addu'a ta zo daidai. Wadda ya naɗe a auduga ya sa a aljihun gaba ran nan, wata da watanni ya yi yana cigiyarta har Kano.

Rediyon da zai sa wa kwalbar ta wata tsohuwa ce, Hajiya Munawwara, a wata 'yar unguwa gaba da garin Sara, a hanyar Gwaram. Ta mijinta ce marigayi, tun tana amarya take ɗakinta. Tsohuwar ta daɗe a kwance, kuma da safiyar ranar aka bugo wa Yunusa waya cewa jiki ya ƙara nauyi, kullum maganarta ɗaya ce, tana son ta ji rediyon nan ta yi magana kafin ta tafi. Yunusa yana da gajen haƙuri, amma ba shi da taurin zuciya. Ya hau babur.

Bazara ce, irin wadda ƙasa take tsagewa. Iskar da ke dukan fuskarsa a kan hanya ma zafi gare ta. Yana tafe yana lissafin tabarmin da bai aro ba, da mahaucin da bai jaddada wa ba, har ya wuce kwanar unguwar sai da ya dawo baya. Da ya isa rana ta yi ja, tana shirin faɗawa bayan itatuwa.

Mazan gidan ba su dawo daga kasuwa ba. Surukar Hajiya, Bara'atu, ita ta amsa sallama daga bakin murhu, tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta nuna masa ɗakin.

Ɗakin na warin man zafi da tsohon turare. Hajiya na jingine da matashi, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin mayafi. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya.

"Yunusa ne? Ka zo ke nan. Na ce ko sai na mutu."

"Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ga ni."

Rediyon na kan wani tebur a jikin taga, an lulluɓe ta da zane. Ya durƙusa, ya kwance bayanta, ƙura da saƙar gizo suka taso masa. Ya haska tocila. Bai sha wahalar gano matacciyar ba, don kanta ya yi fari fat kamar an shafa alli, alamar iska ta shige ta. Ya cusa hannun hagu a aljihu, domin ƙa'idar aikin ke nan, ba a sa hannu biyu a cikin irin wannan rediyo, wuta tana kwana a cikinta ko an cire ta daga soket. Ya taɓa sukundireba inda ya kamata, wutar da ta rage ta yi tas ta fita. Sannan ya kama kwalbar ta gindi, ya jijjiga ta a hankali har ta fito, ya goge ramukan, ya daidaita ƙafafun sabuwar ya danna ta zauna.

Gidan suna da sola da batir, ɗan Hajiya da ke aiki a Dutse ya sa musu. Yunusa ya jona, ya murɗa makunni, ya jira. Irin wannan rediyo ba ta magana nan take, sai kwalaben sun ɗumama. Suka yi ja ɗaya bayan ɗaya. Ɗan koren gilashin nan da ke gabanta, wanda ake kira idon mage, ya kawo haske. Sai wani ƙugi ya cika ɗakin, buuu, mai kauri, har teburin na rawa. Can ƙarƙashinsa ana jin alamar mutum yana karanta labarai, amma ƙugin ya danne shi.

Ya yi tsaki ya kashe. Ya san matsalar. Rediyon na buƙatar wayar ƙasa: a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima, a ja waya daga jikinsa zuwa bayan rediyo, ƙugin ya bi ta nan ya tafi. Ya leƙa taga ya ga tsohuwar wayar ta tsinke tun tuni. Ya dubi sama. Jan ya fara komawa toka.

Da wani ne sai ya ce a bari sai jibi. Yunusa ya ce aikin minti nawa ne.

Ya sami guntun rodi a zaure, ya ari taɓarya, ya zaga bayan ɗakin. Wuri ne da ba a bi, tsakanin bango da danga, akwai wani tsohon murhu da aka daina amfani da shi, toka ta daskare a gindinsa. Nan ƙasar ta fi taushi, nan ya kafa rodin ya dinga duka har ya shige. Amma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Sai an jiƙa ta da ruwan gishiri, haka ubangidansa ya koya masa, haka kuma ya yi wa gidaje da yawa.

Ya koma wajen Bara'atu ya karɓi gishiri a kwano. Irin mai ƙwaya ne, ya zuba ruwan randa ya juya, ya ƙi narkewa. Ya juya, ya juya, yana jin ladan na gyara lasifika a masallacin unguwar. Idonsa ya faɗa kan tukunyar tuwo, ruwan na tafarfasa, Bara'atu ta shiga ɗaki ɗebo gari. Ya ɗauki ludayi ya cika kwanon da tafasasshen ruwa, gishirin ya narke nan da nan, ya riƙe bakin kwanon da gefen rigarsa ya zaga baya da sauri.

To, babu ɗan da aka haifa a ƙasar nan da bai san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa haka kawai ba, balle da magariba, balle a kan toka. Ƙasa ba tamu ce mu kaɗai ba. A makon nan ma, a tsakar gidansa, safe da yamma surukarsa Inna Kubra ba ta taɓa tuntsurar da ruwan wankan jego ba sai ta yi bisimilla ta ce, "A kauce, a janye yara, ga ruwan zafi." Yunusa ya sani sarai. Amma a lokacin ba ruwan zafi yake gani a hannunsa ba, ruwan gishiri yake gani, kayan aiki, kuma kansa na can wajen tabarmi da mahauci.

Ladan ya ɗaga murya. Yunusa ya sheƙa ruwan a gindin rodin.

Ƙasa ta yi cuu. Tururi ya taso. A cikin ƙarar ya ji wani siririn sauti, gajere, kamar an taka ɗan mage. Sai wani ƙauri ya bugi hancinsa, ƙaurin gashi da fata.

Ya tsaya da kwanon a hannu. Sai a sannan bisimilla ta zo bakinsa, ya yi ta, ya sake yi. Ihu bayan hari. Ya haska wurin da tocila, babu komai sai toka da ta jiƙe ta yi baƙi. Ya ce wa kansa ɓera ne a rami. Ya ɗaure waya a rodin, ya zura ta taga, ya koma ɗaki. Zai gwada sau ɗaya, ya yi sallah a masallacin bakin titi, ya wuce gida.

Bara'atu ta tafi alwala. Gidan ya yi tsit. Ɗakin ya yi duhu, bai kunna fitila ba don kada ya rage ƙarfin batir.

Ya murɗa makunni.

Kwalaben suka fara ja. Warin tsohuwar ƙura da ta ji zafi ya taso. Idon magen ya buɗe, kore shar. Babu ƙugi ko kaɗan. Shirun ya yi kyau har Yunusa ya yi murmushi, ya kai hannu zai nemo tasha.

Kafin ya taɓa, idon ya tsuke da kansa, yadda yake yi in an kama tasha daram. Allurar kuwa tana can ƙarshen gilashi, inda ba a taɓa samun kowace tasha ba.

Yaro ne yake kuka.

Ba kukan yunwa ba ne, ba na rigima ba. Irin kukan da murya ta riga ta dushe, numfashi ke yankewa a tsakiya. Sai muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana lallashi. "Yi shiru. Yi shiru, na gani. Yi shiru."

Yunusa ya murɗa allurar zuwa tsakiya. Kukan ya biyo ta. Ya kai ta ɗaya ƙarshen. Yana nan. Ya rage murya har ƙasa, bai ragu ba.

"Ta kama ne?" in ji Hajiya daga gado. "Ni ban ji komai ba. Ƙaro mana."

Matar cikin rediyon ta daina lallashi. Aka ji numfashinta dab da lasifika.

"Wa ya zuba?"

Yunusa ya janye hannunsa daga rediyon.

"Na ga ƙafarka," muryar ta ce. "Baƙin takalmi, da ƙura. Kai ne."

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban gan shi ba. Ku yi haƙuri."

"Wasa yake a tokarsa. Kullum nan yake wasa. Mutanen gidan nan ba su taɓa ƙona min shi ba." Kukan ya ƙaru, ta ɗan tsaya. "Bayansa duk ya saɓule."

"Da wa kake magana?" in ji Hajiya. "Ka ɗaga murya, ka san kunnena. Af, ban ma yi maka barka ba. An ce Najiba ta sauka, an sami 'ya mace. Kai, na yi murna. Bayan wannan daɗewa."

Yunusa ya juya yana yi mata alama da hannu ta yi shiru. A duhun nan ba ta gani ba.

Rediyon ta yi tsit. Har kukan ya tsaya.

"Ashe kana da 'ya," muryar ta ce a hankali.

Ya fizge wayar daga soket. Ya san in an cire wuta sauti yakan ɗan ja kafin ya mutu, don haka ya jira, wayar na lilo a hannunsa. Ya jira. Kwalaben ba su dushe ba. Ƙara ja suka yi, har haskensu ya zana inuwarsa a bango.

"Gobe ne sunan ko?" Hajiya ta ci gaba. "Da ina da ƙafa da na zo Birnin Kudun. Wane suna ka sa mata?"

"Faɗa mata," in ji muryar. "Ni ma ina ji."

Ya fara ayatul kursiyyu. Ayar da yake karantawa tun yana yaro, ya kai tsakiya ta ɓace masa. Ya koma farko, ta sake ɓacewa. A gurbinta sunan ne ya zo ya zauna a kan harshensa.

"Wanda ka raɗa mata a kunne nake so," muryar ta ce. "Da shi za ta amsa min. Nawa yana kuka shi kaɗai. Taka ta zo ta taya shi."

"Kai Yunusa," in ji Hajiya, "rowar suna za ka yi wa tsohuwa? Ni da ba lallai in kai gobe ba. Matso ka raɗa min."

Leɓensa ya buɗe. Ba shi ya buɗe shi ba.

Ya ji harshensa ya tashi, ya ɗauki harafin farko.

Ya datse shi da haƙori. Jini ya cika masa baki.

Ya cafki wayar ƙasa zai tsinke ta. Ta miƙe gam, tana rawa, kamar wani ya riƙe ɗaya bakin a waje yana ja. Ya ja, aka ja. Teburin ya matsa wajen taga.

Bakinsa ya sake buɗewa. Iska ta taso daga ƙirjinsa da kanta.

Ya zura hannu biyu a bayan rediyon.

Babbar kwalbar ya kama, wadda take ba lasifika murya, wadda ko kusa da ita ba a kai yatsa in tana aiki. Ya ji tafinsa ya yi cuu. Ya riƙe. Ya ja. Wuta ta bi ta hannun dama ta fita ta hagu, ta buga shi da bango, kwalbar ta fashe a cikin tafinsa.

Jan ya fara dushewa. Idon magen ya fara rufewa. Muryar ta yi nisa a hankali, yadda ta irin wannan rediyo take yi, amma ya ji ta sarai.

"Ba komai. Gobe za a faɗa a bainar jama'a. Zan zo in ji."

Duhu ya rufe ɗakin.

"Me ya fashe?" in ji Hajiya. "Yunusa, ta ƙone ne? Ba zan ji ta ba ke nan?"

Bai iya ba ta amsa ba, harshensa ya kumbura. Ya rarrafa ya fita, ya wuce Bara'atu a kan sallaya, ya bar jakar kayan aikinsa a nan. Ya naɗe hannu ɗaya da hula, ɗaya da ƙyallen goge babur, ya buga ya hau.

Bai san yadda ya riƙe kan babur ɗin ba. Daga unguwar zuwa titi hanya ce ta yashi tsakanin gonaki, babu gida, babu fitila sai tasa. Ya yi nisa kaɗan ya ji bayan babur ɗin ya nutse, yadda yake yi in an ɗauki mutum.

Bai waiga ba.

Ƙaurin ya zo ta bayan wuyansa. Sai shessheƙar yaro, dab da kunnensa.

Waya ta fara ƙara a aljihunsa. Ya san Najiba ce. Bai ɗauka ba, don bai yarda da bakinsa ba. Ta katse, ta sake kira, ta katse.

Ya hau kwalta. Fitilun masu shayi na Sara suka bayyana, ana sallar isha'i a wani masallaci a bakin titi, muryar liman na fita ta lasifika. Daidai nan bayan babur ɗin ya ɗago. Ƙaurin ya tafi. Bai tsaya ba har ƙofar gidansa.

Jaririyar na barci a gefen uwarta, ta dunƙule hannu a kunci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙirjinta na hawa da sauka, sai hawaye. Inna Kubra ce ta ga hannuwan ta yi salati. Ya ce wuta ce ta ja shi a wajen aiki, ya rama sallolinsa da taimama, ya kwana a zaune a ƙofar ɗakin.

Da safe ina wurin. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, mahauci na riƙe da rago. Liman ya sunkuyo da kunnensa wajen Yunusa don ya ji suna. Yunusa ya ɗaga kai. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya dubi bakin lungu, ya dubi ƙasa. Har wani ya yi masa tsiya cewa ango ya manta sunan 'yarsa, aka yi dariya. Sannan ya matsa ya yi magana, liman ya ɗago ya ce an sami Hadiyya, aka shafa fatiha.

Ba shi ne sunan da ya raɗa mata ba. Wannan a nan take ya ƙirƙiro shi.

Da yamma gida ya cika da mata. Najiba ta ce a cikinsu akwai wata doguwa da ba ta gane ba, ta ɗauka dangin miji ce, dangin miji kuma suka ɗauka tata ce. Tana da goyo, ta rufe shi ruf da mayafi duk zafin nan. Ba ta ci komai ba, ba ta zauna a tabarma ba, a bakin murhu ta tsuguna. Da aka ɗan sarara ta matso ta leƙa fuskar jaririyar.

"Yaya sunanta?"

"Hadiyya," in ji Najiba.

Matar ta sunkuya ta kira sunan a kunnen yarinyar. Yarinyar ba ta motsa ba. Ta sake kira. Sannan ta miƙe.

"Ba shi ba ne," ta ce, ta fita.

Sai bayan ta tafi mata suka fara tambayar ko wani abu ne yake ƙonewa.

A daren Yunusa ya gaya wa Najiba komai, ban da sunan. Ya ce ta jawo 'yarta ta rungume, ta ce, "Kada ka taɓa faɗa min. Ni ina magana cikin barci." Shi ma tsoron haka ya sa ya ƙaura zaure da kwana, har yau nan yake kwana. An yi sauka, an yi sadaka, malamai sun yi abin da za su iya. Wani dattijo a cikinsu ya ce masa addu'a tana tsare gida, amma bakinsa shi zai tsare abinsa.

Hajiya Munawwara ta rasu kafin Najiba ta yi arba'in, ba ta ji rediyonta ba, kuma wannan yana cin Yunusa har gobe. Bai ƙara taɓa rediyo ba. Kwalaben da ya yi shekaru yana tarawa ya zuba su a buhu ya kyautar. Yanzu fanka yake gyarawa da dutsen guga, da yatsun da ba sa miƙewa sosai. Mutumin da ba ya rufe baki ya zama sai ka yi magana uku kafin ya amsa ɗaya, kuma kafin ya amsa sai ka ga ya tauna maganar tukuna. In ya yi zazzaɓi ba ya yarda kowa ya zauna kusa da shi.

Hadiyya ta girma lafiya, ga surutu, ga wayo. Bana aka sa ta a Islamiyya. In an tashi takan biyo ta shagon ta jira babanta su tafi tare, ni kuma in ba ta ƙyallaye ta yi wa 'yartsanarta riga.

Ranar Laraba da ta wuce ta zo da 'yar jakarta, ta zauna a kan bencin da ke tsakanin shagunanmu tana kaɗa ƙafa. Yunusa na kwance wata fanka. Rana ta yi ja.

"Baba," ta ce, "wai yaya sunana na kunne?"

Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Sukundireba ta faɗi daga hannun Yunusa, bai ɗauka ba.

"Wa ya ce ki tambaye ni?"

"Wata mata ce mai goyo, a bakin makarantarmu. Kullum tana nan in an tashi. Ta ce in ka faɗa min in je in faɗa mata, ɗanta yana jirana mu yi wasa."

Ya taso ya durƙusa a gabanta, ya riƙe kafaɗunta da hannuwan nan nasa masu tabo. Ya tauna maganar tukuna, sannan ya buɗe baki.

"Sunanki Hadiyya. Ba ki da wani suna."

Yarinyar ta yi dariya, ta ci gaba da kaɗa ƙafa.

"Ai ta ce min haka za ka ce."